Ɗakin Gwaggo Lanti Ba Ƙofa

Wani mafarki na yi daren jiya, har yanzu bai bar raina ba. Amma bari in fara da abin da na kwanta da shi a rai, don ba haka kawai mutum mai iyali zai kama mafarkin akuya ba.

Sunana Munzali, sana'ata haɗa ƙananan gidaje da kwali. Masu zanen gini su kawo mini zanensu, ni kuma in yanka, in manna, in tayar musu da gidan a kan ɗan allo, don mai gini ya ga abinsa tun kafin a haƙa tushe. Abin aikina wata 'yar wuƙa ce mai ƙota kamar biro, a bakinta ake ɗaura siririyar reza mai tsini. In ta dushe a kwance ta a sa sabuwa. Da ita nake fitar da tagar da ba ta kai ƙwayar wake ba, kuma ban yarda da yanka mai geza ba ko kaɗan. Na sha watsar da aikin yini guda saboda gefe ɗaya ya ɗan tauna. Matata Hansatu ta yi faɗan har ta gaji ta zuba mini ido.

Gidan da ke kan teburina yanzu ba na kowane mai gini ba ne. Gidanmu ne na gado, wanda sabon titi ya bi ta kansa bara. Gwaggo Lanti, yayar mahaifina, wadda ta goya ni, a cikinsa aka haife ta, a cikinsa ta tsufa, a cikinsa idonta ya tafi. Tun da na dawo da ita wurina magana ɗaya take yi, a mai da ta gida. Kwanan nan abin ya kai ta daina cin abinci. In an ajiye mata sai ta ture kwanon ta ce za ta ci in ta isa gida. Ɗanta, Yaya Badamasi, ya bugo waya daga Fatakwal ya ce ya kamo hanya, in ya iso da safe ya tarar ba ta ci ba zai wuce da ita can. Ni kuwa na san in Gwaggo ta shiga motar nan na gama ganinta. Tsoron wannan ne ya sa na ce bari in gina mata gidan, ko ba ta gani ba hannunta ya zaga.

Komai ya kammala, zaure da rumbu da rijiya, har da darbejiyar tsakar gida da na yi da soso. Ƙofar ɗakinta kaɗai na bari ƙarshe, don ita nake so ta fi kowacce fita tsaf. Jiya da hantsi na ɗora tsini a kan layi, na danna, sai na ji ƙas. Rezata ta ƙarshe ke nan. Na yini ina zaga gari. A kantin littattafai suka miƙo mini rezar aski. Mai kayan kafinta ya zaro wata ƙatuwa kamar za a feɗe rago. Mai kemis ya kalle ni sama da ƙasa ya ce wa zan yi wa tiyata. Na dawo ƙafa duk ƙura, na zauna gaban tebur da ƙotar a hannu, na kifa kai don in ɗan huta.

Sai ga ni tsaye a tsakar gidanmu da rana tsaka.

Na gane gidan nan take, don ni na yanka shi. Bangon kwali ne, rubutun katan ɗin taliya yana leƙowa ta ƙarƙashin fenti. Ko'ina warin gam. Na ɗaga kai na ga ranar ƙwan fitilar teburina ne, har da ɗan ƙwaron da ya mutu a jikinsa. Ƙotar kuwa ta girma ta kai tsayina, ina saɓe da ita kamar taɓarya, bakinta wayam.

"Mai sunan Baba, kai ne?"

Muryar Gwaggo ce, haka take kirana. Ban tsaya neman inda take fitowa ba. Ga ɗakinta a gabana, bango huɗu ba ƙofa, sai ɗan layin fensir. Na ce a raina ai tana ciki, ni na rufe ta.

"Ni ne, Gwaggo. Ki ɗan yi haƙuri, reza zan samo."

"To, ka daɗe," in ji ta.

Hadari ya haɗu a ƙarƙashin ƙafata. Na ji tsawa ta bi ta cikin duga-dugaina, sai yayyafi ya fara tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama. Ban yi mamaki ba, na dai naɗe ƙafar wandona. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne gindin bangon, wanda ya fara yin duhu. Na san kwali, in ya sha ruwa ba ya shawara da kowa, zama kawai yake yi.

A bakin rijiya akwai wani farin mutum na roba, ba ido ba hanci, irin waɗanda nake mannawa don a ga girman gini. Ya juya mini baya.

"Malam Munzali," ya ce, "tun ranar da ka manna ni nake kallon bangon nan. Me na yi maka?"

"Kuskure ne. Ina ake samun reza a garin nan?"

"Ofishin Kaifi. Ka tafi da baya, ka fi saurin isa. In ka dawo don Allah ka juya ni, ko darbejiya in riƙa gani."

Na tafi da baya. Gidan yana ƙara nisa a gabana, ina kallonsa yana jiƙa, ba halin in juya. Mutanen gari suna wuce ni, kowa ya kifar da lemarsa ya shiga ciki ya tsaya, lemar na tafiya da shi. Wata mata ta ce mini sannu da zuwa, na ce mata sai an jima, ta ce madalla.

Ofishin ba shi da layi, don duk wanda ya zo shi ne na ƙarshe. Na zauna a benci na jira. Ba kowa a gabana, amma an daɗe ba a kira ni ba. Na tashi, na zauna, na sake tashi. Ruwa ya kawo mini idon sawu yana wucewa sama ta cikin wandona.

A bayan teburin akwai wata jar akuya sanye da tabarau. Ta miƙa wuya ta gatsa gefen taga tana tauna a hankali.

"Ranki ya daɗe," na ce, don ban san yadda ake gai da akuya mai ofis ba. "Tagar nan ni na yanka ta."

"Ta yi daɗi. Gam ɗin ne ya ɗan yi yawa. Me ke tafe da kai?"

"Reza nake nema, siririya mai tsini. Tawa ta karye."

"Ayya. Ba a ba wanda tasa ta karye. Wanda tasa ke da kaifi ake ba."

"To mai kaifi me zai yi da sabuwa?"

"Ya ajiye mana. Shi muka tabbata ba zai ɓata ta ba."

Raina ya ɓaci, amma na danne, don na san halin mai ofis ko da ƙafa huɗu yake. Na yi mata bayani tiryan-tiryan. Na ce tsohuwa ce a ɗaki ba ƙofa, ba ta ci ba, ga ruwa, ga mota na zuwa daga Fatakwal. Tana saurare tana gyaɗa kai, har ta cinye tagar ta shiga labule.

"Wane gida ne?" ta ce.

"Mai rumbu, kusa da darbejiya."

Ta cire tabarau ta goge da kunnenta. "Wannan ai shi na ware don abincin rana. Katan ɗin taliya ne ko? Na ji labarinsa."

Ban yi mata sallama ba.

Da na fito sai ga ni a kasuwa, rumfa bayan rumfa, kuma kowa ƙota yake sayarwa. Ƙotar fartanya, ƙotar gatari, ƙotar lauje, ƙotar abin da ba a ƙirƙiro ba tukuna. Na tambayi wani mai rumfa ina bakunansu, ya ce ba a yayinsu yanzu. Mahauci yana shafa nama da ƙota, naman yana rabewa don kunya. Na roƙe shi ya zo ya shafa mini bango, ya ce kwali ba shi da kunya, ya gwada.

Can na jiyo hon. Na waiga na hango wata 'yar mota a ƙarshen kasuwa, tayoyinta murfin kwalba. Ba ta motsi. Na ɗauke kai na sake waigawa, sai na ga ta ƙaro kusa. Yaya Badamasi ya leƙo ta taga da hularsa a karkace.

"Ƙanena, ta ci?"

"Yanzu za ta ci, Yaya."

"To kada ka riƙa ɗauke ido, in ka ɗauke matsowa nake yi."

Na yi ƙoƙarin tafiya ina kallonsa, na yi karo da rumfar masu ƙota, suka zubo mini a ka.

A gindin wata bishiyar soso na tarar da wanzami da zabirarsa. Na ji sanyi a raina, na ce yau ga mai ƙarfe. Wani mai sanƙo yana durƙushe a gabansa, wanzamin yana bin kan da aska, duk inda ta wuce sai gashi ya tsiro baƙi wuluk. Mutumin ya tashi da suma har kafaɗa, ya yi godiya ya tafi.

"Sarkin aska, ara mini askarka, yanzu zan dawo da ita."

Ya miƙo mini ba musu. Na gwada ta a kan wata tsaga da ke jikin katanga, tsagar ta haɗe ta koma kamar ba a taɓa yanka wurin ba.

"Tawa mayarwa take yi," ya ce. "In kana da ƙofar da kake so a toshe, ka kira ni. Masu yanka kuwa suna can bakin duniya, cikin gwangwani. Ai kai ka kai su."

Bakin duniya gefen teburina ne. Na san shi da tabon shayin da Hansatu ke mita a kai. Daga nan sai rami, can ƙasa ana hango takalmina kamar jiragen ruwa guda biyu. A gefen kuwa ga gwangwanin madarar da nake jefa tsofaffin rezoji a ciki don kada yara su taka. Ya zama soro guda. Na hau na zura ta tsagar murfin na faɗa ciki.

Suna zazzaune a jere a kan buzu, dattawa sirara masu sheƙi, kowa tsininsa a gutsure, wasu tsatsa ta fara cin gemunsu. Na yi sallama, suka amsa gaba ɗaya da wata murya kamar ana zuba allurai a faranti. Wanda ke tsakiya ya fi su dushewa, shi ne babbansu.

"Ka gane ni?" ya ce.

"Allah ya ba ka haƙuri, Baba, kun yi kama."

"Ni na fitar maka da tagogin asibitin nan mai hawa-hawa. Da na gama ko sannu ba ka ce ba. Wancan na gefe kuma da shi ka kankare gam a farcenka, abin da ba aikinsa ba."

Na durƙusa na ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya, kowa sai ya faɗi ginin da ya yi. Ina ba da haƙuri ina jin ruwa yana dukan gindin gwangwanin, ga hon yana ƙara kusa. Kamar in yi ihu. Wani tsoho ya tsaya ba ni labarin wata matattakala tun daga hawan farko, ban san lokacin da na ce masa don girman Allah ya taƙaita ba.

Babban ya ɗaga wata takarda mai maiƙo. A ƙarƙashinta ga sababbi guda biyu kwance, tagwaye, kaifinsu har yana sa ido hawaye. Na miƙa hannu.

"Wannan ƙofar shiga take yankawa," ya ce, "wannan kuma ƙofar fita. Ɗaya za ka ɗauka. Ɗayar ita ke mana aike."

"Ƙofa ai ƙofa ce, Baba."

"A garinku."

Ban ɓata lokaci ba. Tsohuwa a rufe a ɗaki, ruwa na cin bango, me ake nema in ba fita ba? Na ɗauki ta fita, na ɗaura a ƙota na murɗa ta zauna daram.

"Ka tambayi tsohuwar kuwa?" in ji babban.

Na riga na kai murfi.

Garin ya yi laushi. Katangu sun durƙusa, fenti yana ɗiga sama. Na yi gudu da baya ƙotar na dukan kafaɗata, ƙafata na nutsewa a titi kamar a cikin tuwo. Da na iso, akuyar ta riga ni. Ta ɗaura ƙyalle a wuya, ta cinye rabin zaure, tana tsince haƙori da sandar rijiya.

"Bismillah," ta ce.

"Na ƙoshi."

"Malam Munzali, ka dawo? Juya ni mana," in ji mutumin roba. Na wuce shi.

Ɗakin Gwaggo yana nan tsaye, gindinsa ya jiƙe amma layin fensir bai goge ba. Na daidaita numfashi. Na ɗora tsini a kusurwar sama na ja ƙasa, rezar ta bi kwalin kamar ana yanka man shanu. Na ja na biyu, na haɗa na sama. Tun da nake ban taɓa yin yanka mai kyan wannan ba, ko gashi ɗaya bai tashi ba. Har a cikin wannan tashin hankali sai da na ɗan ja baya na kalle shi. Ƙyauren ya faɗo waje a hankali.

"Gwaggo, fito! Na buɗe!"

Ba kowa a ɗakin.

Na sa ƙafa zan shiga in duba bayan gado, ƙofar ta ƙi. Ba abin da ya tare ni, amma duk takun da na yi sai in ga ni a waje. Sai kayan ɗakin suka fara fitowa. Gadon ƙarfenta ya fito a karkace yana neman hanya. Jeren kwanoninta suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya, manya a gaba. Buta ta fito, da carbi, da 'yar rediyonta tana cikin karanta gaisuwa. Ƙanshin man kaɗanyar da take shafa mini a ƙafa lokacin ina yaro ya fito ya goge ni ya wuce. Kowanne in ya kai tsakar gida sai ruwa ya ɗauke shi ya yi sama da shi. Na yar da ƙota ina tsalle ina cafka, ban kama ko murfin kwano ba.

"Mai sunan Baba."

Na juya. Tana zaune a kan tabarma a jikin bangon ɗakin, ta waje, bayan rumbu. Zaninta ya jiƙe sharkaf. Da gani ta daɗe a wurin, tun kafin in tafi. Tafin hannunta ɗaya yana manne da bangon.

"Wa ya ce maka fita nake nema?" ta ce. "Ai an riga an fitar da ni."

Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe ni. Na tuna na daɗe ban kalli mota ba, na waiga, ga ta a tsakar gida, ƙofar baya a buɗe. Yaya Badamasi ya fito yana gyara kujera. Na ce masa ya dakata in koma gwangwani in canzo, ya ce ai gwangwanin ya tafi sama tun ɗazu. Akuyar ta gama da zaure ta sa baki a bangon ɗakin, daidai inda hannun Gwaggo yake. Ina jin haƙoranta, ƙwar, ƙwar, ƙwar. Na ce ta bari. Ƙwar, ƙwar.

Na ɗago kai. Gari ya waye, rana ta shigo ta taga, ƙotar ta kwanta mini a kumatu ta bar shaida. Ƙarar ba ta daina ba. Na dubi tebur, ba gida. Na miƙe da ƙarfi har kujera ta faɗi, na fita tsakar gida ba takalmi.

Hansatu tana tsugune gaban murhu. "Ta ce a kawo mata gidanta," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Na ga kana barci, na kai mata."

Gwaggo tana zaune a kan tabarma, allon a kan cinyarta. Ta lalubo ɗakinta da kanta. Ta tsoma babban yatsa a koko ta jiƙa bangon, ta danna har ya ɓurma. Ramin ba a kan layi yake ba, ya karkace, gefensa duk geza, ga koko ya bushe a jikin fentin da na yi kwanaki ina gyarawa. Ban taɓa ganin mummunar ƙofa irin wannan ba. Yatsunta biyu na hagu suna cikin ɗakin har gaɓa. Hannun dama kuwa yana riƙe da ludayi, tana kankare gindin kwano, ƙwar, ƙwar, don ba abin da ya rage a ciki.

"Mai sunan Baba, ka tashi? Ginin ya yi, amma ka manta da ƙofa. Na gyara maka."

Na durƙusa a gabanta. Idona ya cika, amma hali ba ya barin mutum, sai na ji bakina yana cewa, "Gwaggo, in na samo reza zan ɗan daidaita miki gefen."

"Kada ka taɓa mini ƙofa," ta ce. "Hansatu, da sauran kokon nan?"

A waje mota ta tsaya, aka danna hon. Na dubi Gwaggo. Ba ta cire yatsunta ba, ta dai miƙa wa Hansatu kwanon.

"Badamasi ne," ta ce. "Je ka ce masa ya shigo, ina gida."